Saibai da Boigu: tsibiran Ostireliya da ke bakin ƙofar Papuwa

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so in gabatar mana da wani batu na iyakar teku wanda nake ganin ya cancanci mu tattauna shi da natsuwa. Tsakanin arewacin Ostireliya da ƙasar Papuwa Niyu Gini akwai mashigin ruwa da ake kira Torres, faɗinsa kusan kilomita 150, cike da ƙananan tsibirai. A can ƙarshensa na arewa akwai tsibirin Saibai, wanda tsakaninsa da gaɓar Papuwa bai wuce kilomita 4 ba, sai Boigu mai tazarar kusan kilomita 6, da kuma ɗan ƙaramin tsibirin Dauan. Wanda ya tsaya a bakin ruwa a Saibai yana hango gaɓar Papuwa da idonsa, inda ƙauyen Sigabadaru yake, amma duk da wannan kusanci tsibiran uku na Ostireliya ne, suna ƙarƙashin jihar Kwinsland tun shekarar 1879. Mutanen kowane tsibiri 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma shinkafarsu da fulawarsu da man fetur ɗinsu a jirgin dakon kaya ake kawo musu daga birnin Cairns, mai nisan ɗaruruwan kilomita a kudu.

Da Papuwa ta samu 'yancin kai a 1975, sai tambayar inda iyaka za ta bi ta taso. Ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya a watan Disamba na 1978, ta fara aiki a 1985. A ƙarƙashinta tsibiran da ke da mutane suka ci gaba da zama na Ostireliya, amma aka ba 'yan asalin yankin na ɓangarorin biyu damar ƙetarawa ba fasfo ba biza, muddin al'amuran gargajiya ne suka kai su, kamar kamun kifi, biki, jana'iza, ibada da musayar kaya. Ni dai ina ganin wannan yarjejeniya tana cikin mafi adalcin da aka taɓa yi a kan iyaka, domin an duba mutanen da ke zaune a wurin kafin a ja layi. Ina son jin ra'ayinku.

Nasiru:
Wa alaikumus salam, Malam. Tare da girmamawa, ni ban ga adalcin ba. Ƙasa ta samu 'yanci, amma ta tashi ta tarar da tutar tsohuwar uwargijiyarta a tsibirin da ake iya kaiwa cikin 'yan mintoci a kwalekwale mai inji. Turawan Kwinsland ne suka ja layin 1879 har gab da gaɓar Niyu Gini, a lokacin da babu wata gwamnati a can da za ta ce musu a'a, kuma yarjejeniyar 1978 ba ta yi komai ba illa tabbatar da abin da mulkin mallaka ya bari. Kar mu manta Ostireliya ce ke ba Papuwa kaso mai tsoka na kuɗin tallafi a wancan lokaci, don haka zama ne tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. A ganina kashin dankali aka yi wa Papuwa, aka lulluɓe shi da kalmomi masu daɗi.

Barista Sa'adatu:
Nasiru ƙanena, maganarka tana da tushe, amma akwai wani ɓangare na tarihin da ya kamata a ɗora a kan sikeli. Ba gwamnatin tarayya ta Ostireliya ce ta fi nacewa a kan riƙe tsibiran ba. Firaminista Gough Whitlam, wanda ya hau mulki a 1972, ya nuna a fili cewa a shirye yake a matso da iyaka kudu, a raba mashigin kusan gida biyu, abin da zai mayar da Saibai da Boigu da Dauan da wasu tsibiran cikin Papuwa. Mazauna tsibiran ne da kansu suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba, shugabanninsu irin su Getano Lui suka yi ta kai kuka, gwamnatin Kwinsland ta Joh Bjelke-Petersen kuma ta mara musu baya saboda nata dalilan na siyasa. To idan mutanen da kaburburan kakanninsu ke wurin suka ce ga inda suke son zama, da wace hujja za a miƙa su ga wata ƙasa saboda taswira ta fi kyan gani haka?

Kuma ba gaskiya ba ne a ce Papuwa ta fito hannu rabbana. Abin da ya sa masu nazarin dokar teku ke yawan ambaton wannan yarjejeniya shi ne ba layi ɗaya aka ja ba. Akwai layin da ya raba ikon ƙarƙashin teku, wato mai da ma'adinai, kuma wannan layin ya bi ta kudu da Saibai da Boigu sosai, ta yadda tsibiran suka zama kamar an ajiye su a cikin yankin Papuwa, kowanne da ruwansa na mil 3 na teku kacal a kewaye. Akwai kuma layin ikon kamun kifi, wanda ya karkata arewa ya rungumo tsibiran uku. Sannan aka keɓe wani yanki na musamman domin kare rayuwar gargajiya da muhalli, aka tsara yadda ƙasashen biyu za su raba kifin kasuwanci da ake kamawa a cikinsa, aka kuma hana haƙar mai da ma'adinai a ƙarƙashinsa. Har ila yau Ostireliya ta amince cewa wasu tsibirai uku marasa mutane da ke kusa da gaɓa, Kawa da Mata Kawa da Kussa, na Papuwa ne. Kowane ɓangare ya saki wani abu.

Alhaji Ɗanjuma:
Barista, Allah ya ƙara basira. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na yi shekaru ina fataucin busasshen kifi daga Kalaba zuwa arewa, kuma abin da kika bayyana ya sa na tuna da Bakassi. Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2002 cewa yankin na Kamaru ne, ta dogara da takardar da Ingila da Jamus suka rubuta a 1913, alhali akasarin masuntan da ke zaune a wurin 'yan Najeriya suke ɗaukar kansu. An yi yarjejeniyar Greentree a 2006, aka miƙa yankin gaba ɗaya a 2008, kuma a takarda an ce ba wanda za a kora ko a tilasta masa sauya ƙasa. Amma na ga mutanen da na saba sayen kifi a hannunsu sun dawo wajen Akpabuyo suna zaune a inda babu tekun da za su jefa taru. Na ga dattijo da komarsa a naɗe cikin buhu a ƙarƙashin gado, yana fito da ita lokaci zuwa lokaci yana shanyawa don kada ta ruɓe, ga shi ba inda zai kai ta. Saboda haka idan aka ce mini akwai wurin da aka tambayi masunta kafin a ja iyaka, aka kuma bar musu ruwansu, to ni ina tare da Malam Habibu.

Nasiru:
Baba Alhaji, na ji, kuma abin da ya samu mutanen Bakassi abin takaici ne. Amma a Torres ɓangare ɗaya kawai aka saurara. Mutanen Saibai sun yi magana an ji su, su kuwa mutanen gaɓar Papuwa wa ya tambaye su? Kafin 1975 'yan yankin Papuwa, wato kudancin ƙasar Papuwa Niyu Gini ta yau, a doka 'yan ƙasar Ostireliya ne, ko da yake ba a ba su damar shiga su zauna a cikinta ba, kuma ranar samun 'yanci suka wayi gari wannan matsayi ya tafi. Waɗannan mutane da na tsibiran dangi ne, akwai auratayya tsakaninsu, tun kaka da kakanni daga Niyu Gini mutanen tsibiran ke samun itacen sassaƙa kwalekwale da ganguna da gashin tsuntsaye na ado, su kuma su ba da kayan teku, ciniki irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Yau ɗaya yana da asibiti da makaranta da lantarki da kuɗin tallafin gwamnati, ɗan'uwansa da ke tsallaken ruwa kuwa ko ruwan sha mai tsabta wahala yake yi masa.

Sannan damar ƙetarawar da ake yabo ba ta kowa ba ce. Tun shekarar 2000 aka tsayar da jerin ƙauyuka 13 na Papuwa da aka amince da su, irin su Sigabadaru da Mabudawan da Tureture da Parama, kuma akwai ƙauyukan da ke cikin ƙasa kaɗan da suke cewa su ma suna da tsohuwar alaƙa da tsibiran amma an bar su a waje. Garin Daru kansa, hedikwatar lardin Papuwa da ƙauyukan suke ciki, ba ya cikin jerin. Ka ga an ƙirƙiri wata sabuwar iyaka a cikin Papuwa tsakanin ƙauye da ƙauye.

Malam Habibu:
Wannan batu na jerin ƙauyuka gaskiya ne, kuma ƙauyukan da aka bari a waje sun daɗe suna ƙorafi a kai. Bari in ƙara bayanin yadda ziyarar take a aikace, don mu san abin da muke magana a kai. Mai son ƙetarowa sai ya samu takardar izini daga shugaban ƙauyensa, wakilin tsibirin da zai je kuma ya amince, kuma idan ya iso akwai jami'ai 'yan asalin tsibirin da ke rubuta masu shigowa da masu fita, da kuma masu duba kaya saboda ƙwari da cututtukan shuka da na dabbobi. Masu ziyarar sukan shimfiɗa hajarsu kusa da bakin ruwa: tabarmi, kwanduna, tsintsiya, sassaƙe-sassaƙe, ƙaguwa da aka ɗaure wa ƙafafu. Abin da suka samu sai su shiga kanti su sayi shinkafa, fulawa, sukari, sabulu da fetur, su koma. Ga iyalai da yawa a wancan tsallaken, kantin Saibai ko na Boigu shi ne mafi kusa, domin zuwa Daru tafiya ce mai cin mai da yawa. Idan kuma ruwan sha ya yi ƙaranci a tsibiran lokacin rani, hukumar tsibirin takan taƙaita ziyara ko ta dakatar da ita. Ban ce babu tawaya ba, Nasiru. Abin da nake cewa shi ne wannan ƙofa, duk ƙanƙantarta, ta fi katanga.

Malama Rakiya:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ina so in tsaya a kan batun lafiya, don a nan ne nake ganin yarjejeniyar ta fi nuna gazawarta. Neman magani ba ya cikin al'amuran gargajiya da aka lissafa. Wato mutum zai iya ƙetarowa ya sayar da tabarma ko ya halarci biki, amma a ƙa'ida ba zai ƙetaro don ganin likita ba. A aikace kuwa ba a iya korar mai naƙuda ko wanda maciji ya sara ko yaron da zazzaɓi ya galabaitar, saboda haka ɗakunan shan magani na Saibai da Boigu suna karɓar larurar gaggawa, su aika masu tsanani zuwa asibitin tsibirin Thursday ko Cairns, sauran kuma a mayar da su gida. Ma'aikacin jinyar da ke wurin shi ne ake bari da nauyin tantance wanda ciwonsa ya kai a taimake shi da wanda bai kai ba, kuma wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya ba.

Babban misali shi ne tarin tibi. Daru na cikin wuraren da aka fi samun nau'in tibi mai bijire wa magani a duniya. Shekaru da dama akwai asibitin tibi na musamman da ake gudanarwa a Saibai da Boigu domin 'yan Papuwa, amma aka rufe shi a 2012, aka ce gara a zuba kuɗin a inganta asibitin Daru don marasa lafiya su riƙa samun kulawa a ƙasarsu. A takarda hujjar tana da ma'ana, kuma lallai an yi aiki a Daru bayan haka. Sai dai duk wanda ya taɓa kula da mai tibi ya san cewa maganin ba na kwana bakwai ba ne. Tibi na yau da kullum wata 6 ake shan maganinsa ba fashi, mai bijirewar kuwa a wancan lokaci yakan kai wata 18 zuwa 24, har da allurai masu iya kurmantar da mutum. Na sha ganin mara lafiya ya ji sauƙi a wata na biyu, kuɗin mota ya ƙare, ya daina zuwa, bayan wata huɗu a dawo da shi a kwance da cutar da ta fi ta farko taurin kai. To ina ga wanda sai ya sayi fetur ya ratsa teku kafin ya karɓi ƙwayoyinsa? Nisa kaɗai ya isa ya kashe mai tibi.

Barista Sa'adatu:
Malama Rakiya, kin taɓo inda yake yi wa kowa ƙaiƙayi. Amma don a yi wa mutanen tsibiran adalci, su ma suna da nasu kukan. Ɗakin shan maganin da aka gina domin mutum 'yan ɗaruruwa ne ake so ya ɗauki nauyin gaɓa guda, kuma suna tsoron cutar ta shigo gidajensu. Shi ya sa a farkon annobar korona a 2020 shugabannin tsibiran na cikin waɗanda suka nemi a dakatar da ziyarar gargajiya, kuma ta zauna a rufe fiye da shekara biyu. A wannan tsakani mutanen ƙauyukan Papuwa suka rasa kasuwa da kanti a lokaci guda. Abin da wannan ya nuna mini shi ne yarjejeniyar ta warware rigimar ƙasa da ruwa, amma ba a tsara ta don ta warware bambancin arziki ba, kuma bambancin sai ƙaruwa yake yi tun 1978.

Malam Isuhu:
Salamu alaikum. Ina da tambaya ga Malam Habibu. Na karanta cewa waɗannan tsibirai ruwa na cinye su. Idan haka ne, ashe ba a kan abin da ke shirin nutsewa ake jayayya ba?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Isuhu. Tambayarka a kan hanya take. Dauan yana da tudu da duwatsu, amma Saibai da Boigu shimfiɗaɗɗu ne, laka ce da kogunan Niyu Gini suka tara, mafi yawansu fadama da dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma tsayinsu sama da teku bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba a yawancin wurare. Garin Saibai kansa siririn layi ne na gidaje tsakanin teku a gaba da fadama a baya, saboda haka idan teku ta yi babbar cika a farkon shekara ruwa ta fuska biyu yake shigowa. Ya sha malalowa kan tituna, ya shiga maƙabarta har ya lalata kaburbura, gishiri kuma ya ɓata gonakin da a da ake noman rogo da gwaza da dankali.

Ba yau abin ya fara ba. A 1947, bayan wata mummunar ambaliya, wasu iyalai na Saibai ƙarƙashin jagorancin Bamaga Ginau suka shiga jiragen ruwa suka ƙaura zuwa ƙarshen Cape York a babban yankin Ostireliya, kuma garuruwan Bamaga da Seisia da ke can yau zuriyarsu ce. An gama gina wa Saibai sabuwar katangar tare ruwa a 2017 a kan kuɗi sama da dalar Ostireliya miliyan 20, daga baya aka yi wa Boigu tata. Mutanen sun kuma bi hanyar shari'a. A watan Satumba na 2022 kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙorafin wasu 'yan tsibiran Torres su takwas, ya ce Ostireliya ta gaza kare al'adarsu da gidajensu daga illar sauyin yanayi. Sai dai a watan Yuli na 2025 Kotun Tarayya ta Ostireliya ta yi watsi da ƙarar da dattawa biyu suka shigar, Pabai Pabai na Boigu da Paul Kabai na Saibai. Alƙalin ya yarda cewa sauyin yanayi yana lalata tsibiran, amma ya ce dokar sakaci yadda take a yanzu ba ta ba shi damar ɗora wa gwamnati alhakin ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Innalillahi. Wato sun tsira daga ƙaurar da iyaka za ta jawo musu, ga kuma teku tana neman tayar da su. Ni abin da na sani shi ne masunci ba ya rabuwa da ruwansa cikin daɗin rai, ko da gidan bene za a ba shi. Mutanen da aka ce suna farautar kunkurun teku da wata dabba 'yar'uwar ayu tun zamanin kakanni, suna da harshensu da ba kowa ke jin sa ba, idan aka watsa su cikin birane jikokinsu ba za su san komai daga wannan ba.

Malam Isuhu:
To Barista, idan Allah ya ƙaddara mutanen suka tashi, ko ruwa ya rufe tsibirin, iyakar za ta koma kudu ke nan, Papuwa ta samu abin da ta nema tun farko?

Barista Sa'adatu:
A'a, Malam Isuhu, da wuya hakan ta faru. Layukan yarjejeniyar da lambobin taswira aka ƙayyade su, ba da inda ruwa ya tsaya a gaɓa ba, kuma ƙa'ida ce sananniya a dokar ƙasa da ƙasa cewa yarjejeniyar iyaka ba ta warwarewa don yanayi ya sauya. Bugu da ƙari, a 2021 ƙasashen ƙungiyar tsibiran Pasifik, waɗanda Ostireliya da Papuwa duk suna ciki, sun fitar da sanarwar cewa iyakokinsu na teku za su tsaya yadda suke ko da teku ta ƙaru. Don haka Ostireliya ba za ta rasa ruwanta ba. Waɗanda za su yi asara su ne mazauna wurin, sannan maƙwabtansu na tsallake, domin 'yancin ziyarar gargajiya ba shi da amfani idan babu wanda za ka je ka tarar, babu kanti, babu ɗakin shan magani.

Nasiru:
Anti Barista, wannan shi ne ya dawo da ni kan maganata ta farko, ko da yake yanzu na yarda cewa miƙa tsibiran ga Papuwa ba da son mutanensu ba da zalunci ne na daban. Teku ɗaya ce ke cika a gaɓar biyu. Da yawa daga ƙauyukan Papuwa da ke fuskantar Saibai da Boigu su ma a kan ƙasa mai kwari suke, ruwan gishiri yana shiga rijiyoyinsu da gonakinsu, amma katangar miliyoyin daloli a gefe ɗaya aka gina ta, kuma duk shari'o'in da Malam Habibu ya lissafa na 'yan gefe ɗaya ne. Yarjejeniyar ta tanadi majalisar ba da shawara ta haɗin gwiwa da kuma taron wakilan 'yan asalin yankin na ɓangarorin biyu, inda ake tattauna kamun kifi da ziyara da lafiya. Abin da nake so in gani shi ne a sa batun tumbatsar teku a gaban wannan zama a matsayin matsalar gaɓa biyu, a kuma sake duba jerin ƙauyukan nan 13, tare da shigar da neman magani cikin dalilan ƙetarawa bisa wani tsari da Ostireliya za ta ɗauki kuɗinsa, don kada nauyin ya faɗa kan mutanen Saibai da Boigu su kaɗai.

Malama Rakiya:
Na goyi bayan wannan na ƙarshe, amma da sharaɗi guda. Kada tsarin ya tsaya a buɗe ƙofar Saibai kawai, domin ɗakin shan magani ɗaya ba zai ɗauki kowa ba. A sa ma'aikatan lafiya masu albashi tsayayye a cikin ƙauyukan Papuwa kansu, da firjin adana magani mai aiki da hasken rana, da jirgin ɗaukar marasa lafiya wanda ba a rasa masa mai, sannan takardar mara lafiya ta riƙa bin sa daga wannan tsallake zuwa wancan, ta yadda wanda ya fara shan maganin tibi a gefe ɗaya za a san inda ya tsaya idan ya bayyana a ɗaya gefen.